Farin kayan wasan Dymkovo ba launin yumɓu ba ne

Mutane da yawa da suka ga mutum-mutumin Dymkovo na ƙasar Rasha, wato matan nan masu faffaɗan siket da talo-talo mai buɗaɗɗiyar jela, suna ɗauka cewa da farin yumɓu ake gina su, kuma a cikin wuta launukansu suke kamawa kamar na tangaran. Ba haka abin yake ba. Sana'ar ta samo asali ne daga ƙauyen Dymkovo da ke gaɓar kogin Vyatka, wanda yanzu ya zama ɓangare na birnin Kirov. Jan yumɓu ake cuɗawa da lallausan yashin kogi, a gina kowane ɗaya da hannu, a bar shi ya bushe na kwanaki, sannan a gasa shi. Ja yake fitowa daga wuta. Bayan ya huce ne ake shafe shi da farin fenti, wanda a da alli ne da aka dama da madara, kuma a da launukan zanen da gwaiduwar ƙwai ake haɗa su, a liƙa 'yan gutsattsarin zinariya a kai.

Wataƙila ruɗanin ya samo asali ne daga kayan wasan ƙauyen Filimonovo da ke yankin Tula na Rasha, inda yumɓun yake yin fari idan an gasa shi.

A farkon ƙarni na 20 sana'ar ta kusa ɓacewa saboda kayan filasta masu araha, har kusan wata maginiya mai suna Anna Mezrina kaɗai ta rage tana yi, kafin mai zane Aleksei Denshin ya taimaka aka farfaɗo da ita.