Farin ruwa a sabon tafkin ninkaya

Farin ruwa wani yanayi ne da ake gani a tafkin ninkaya a kwanakin farko bayan an yi masa shafen siminti an cika shi. Ruwan da ya shiga garau sai a wayi gari ya koma kamar farau-farau, wani lokaci har ba a hango ƙasan tafkin. Masu sana'ar suna kiran abin ƙurar filasta, domin daga jikin shafen take fitowa. A Katsina da Daura, inda otal-otal da gidajen masu hali ke gina irin waɗannan tafkuna, ƙurar hunturu da ruwan burtsatse da ɗaukewar wuta suna ƙara wa matsalar nauyi.

Asalin farin

Shafen tafki haɗi ne na farin siminti da garin dutsen marmara ko yashi mai laushi, kaurinsa bai cika wuce santimita 1 da ɗoriya ba. Idan siminti ya sha ruwa ya fara kamawa, yana haifar da wani sinadari mai suna kalsiyam haidiroksaid, wanda ke narkewa cikin ruwa. Wannan sinadari ɗan gidan su kanwa ne, wato kishiyar tsami, shi ya sa pH na ruwan, wato ma'aunin da ke nuna tsami ko kanwarsa, ke hawa ya wuce 8. Da ya haɗu da iskar kabon da ke narke a ruwan sai ya rikiɗe zuwa kalsiyam kabonet, sinadarin da ke cikin ɓawon ƙwai. Shi wannan ba ya narkewa da sauƙi. Wani ya yi ta yawo cikin ruwa, wani ya kwanta a ƙasa da kan matakala. Wanda ya shafa bangon da tafin hannu zai ga farin gari ya tashi kamar hayaƙi, ya bar masa santsi a yatsu.

Ƙurar ta fi yawa a mako na farko da na biyu, amma shafen yana ci gaba da ƙwari har kwana 28, kuma a duk tsawon lokacin pH na ƙoƙarin hawa. Tafkin da aka manna wa tayil ma yakan yi ɗan fari daga simintin da aka cike tsakanin tayil da shi, sai dai bai kai na shafe ba.

Zafi yana ƙara abin, domin kalsiyam kabonet ya fi saurin fita daga ruwan ɗumi. Tafkin da aka cika a Afrilu ko Mayu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, ya fi saurin yin fari. A 1936 wani masanin ruwa Ba'amurke, Wilfred Langelier, ya fitar da lissafin da ke haɗa pH da zafi da yawan kalsiyam da alkali (sinadaran da ke kashe tsami a ruwa), ya nuna ko ruwa zai ajiye alli ko zai ci bango. Har yau da shi ake aiki, kuma ana son sakamakon ya tsaya kusa da sifiri.

Yadda ake kawar da shi

Gyara yana farawa tun daga cikawa. Ba a tsayar da ruwa sai tafki ya cika, domin duk inda ya tsaya yakan bar zobe a bango wanda ke da wuyar fita. Tafki mai tsawon mita 10, faɗin mita 5, zurfin mita 1.5 yana cin lita 75,000. Idan tankar ruwa na ɗaukar lita 10,000, sawu 8 ke nan, don haka a daidaita da masu tanka kafin mai shafe ya ajiye cokalinsa. Ana ɗaure tsumma a bakin tiyo, a ajiye shi a wuri mafi zurfi, kada ƙarfin ruwa ya kwarzane shafen.

Babban magani shi ne buroshi. Ana goge bango da matakala da ƙasa sau 2 a rana har kwana 14, da buroshi mai gashin roba, daga sama zuwa ƙasa, daga wuri marar zurfi zuwa magudanar da ke can ƙasa. Bayan kowace guga ruwan zai ƙara fari, kuma a nan ne masu tafki da yawa ke karaya su ce a daina. Kuskure ne babba. Ƙurar da aka tayar ita matatar ruwan tafkin ke iya kamawa. Wadda aka bari ta kwanta takan daskare ta zama ɓamɓaroki mai kaushi da ke yankar tafin ƙafa, kuma fitar da ita sai da asid ko injin guga.

Famfon da ke zagaya da ruwan tafkin ta cikin matata ya kamata ya yi aiki ba tsayawa na awa 72 na farko. Wanda ya dogara da wutar gari kawai ba zai samu haka ba, sai ya tanadi janareto da mai ko sola mai batir tun kafin ranar cikawa. Matatar yashi, wadda aka fi samu a kasuwa, tana kama abin da ya kai maikiron 20 zuwa 40 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), alhali wani ɓangare na ƙurar ya fi haka ƙanƙanta. Idan allurar agogon da ke auna matsin ruwa a matatar ta hau da maki 8 zuwa 10 sama da inda take lokacin da yashin ke da tsabta, sai a juya ruwan a wanke ta.

Sai awo, kowace rana. Ana saukar da pH zuwa tsakanin 7.2 da 7.6 da asid haidirokulorik, a riƙe alkali wajen kashi 80 cikin miliyan, a ɗaga kalsiyam sannu a hankali har ya kai 200. Ruwan da ba shi da kalsiyam isasshe yakan tsotse shi daga bango, shafen ya yi rauni. Asid ake zubawa cikin bokitin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid, kuma da safar hannu da tabarau. Ba a haɗa shi da kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, ko a ajiye su wuri ɗaya, domin haɗuwarsu tana fitar da iska mai guba.

Kulorin ba ya maganin wannan fari. Ba a sa shi sai bayan awa 48, kuma kaɗan-kaɗan. Garin kulorin da ake sayarwa a durom yana ɗauke da kalsiyam, wanda ya antaya shi da yawa ya ƙara wa wuta fetur. Na ruwa ya fi dacewa a wannan mataki.

Idan farin ya ƙi tafiya, akwai alif, wanda matan Hausa suka daɗe suna kaɗawa a randa don ruwan rafi ya kwanta. Aikinsa a tafki ɗaya ne: yana tattara ƙananan ƙwayoyi su dunƙule su nutse. Ana narka shi, a bar famfo ya gauraya, a kashe a bar ruwan ya kwana, da safe a zuƙe abin da ya kwanta a zubar waje ba tare da ya bi ta matata ba. Sai dai yana saukar da pH, yana cin ruwa, kuma dakatar da famfo a kwana 3 na farko bai dace ba. Injin zuƙa mai taya kuma yana barin sawu a sabon shafe, sai a yi amfani da mai gashin buroshi har kwana 28 su cika.

Abin da ke kama da shi

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele a Chadi. Ita launin ƙasa gare ta, kuma rufe tafki da tamfol da dare yana rage ta. Ruwan burtsatse mai ƙarfe yakan koma ruwan ƙasa ko ja da zarar kulorin ya taɓa shi, ya ɓata farin shafe, don haka a auna shi tun kafin cikawa. Kore da santsi kuwa gansakuka ce, ita ce kulorin ke kashewa.

Ko wane iri ne, ba a shiga tafkin da ba a ganin magudanar ƙasansa daga baki. Yaro na iya nutsewa a ruwa mai fari mutane na tsaye a gefe ba su gan shi ba.