Tukwanen Masar na kafin Fir'auna: ku karanta kafin ku sake tambaya

Wane Fir'auna ne ya sa aka gina su?

Babu. Bakina har ya gaji da faɗa. Mutanen Badari, wani yanki a kudancin Masar, sun fara ginin tukwanen nan tun wajen shekara 4400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sannan na Naƙada, shi ma a kudancin Masar, suka biyo baya. Sarki Narmer, da ake cewa shi ya haɗe Masar, sai wajen 3100 ya zo.

Baƙin da ke bakin jar tukunyar nan fenti ne?

Aikin wuta ne. A shafa mata jar ƙasa, a goge da dutse har ta yi sheƙi, sai a kife bakinta cikin toka ko ƙaiƙayi, hayaƙi ya kama shi.

Da inji aka juya su?

Da hannu, malam.

Wani dillali ya nuna min wata mai zanen jirgin ruwa, ya ce ta Naƙada ce. In saya?

To, zauna. Zanen jirgi mai filafilai da yawa, da mata sun ɗaga hannu sama, na zamanin Naƙada na biyu ne, wajen 3500 zuwa 3200, da jan launi a kan yumɓu mai haske. In ka ga farin zanen dorina ko kada a kan ja, wannan ya girme shi. Amma dacewar zane ba hujja ba ce. Akwai gwajin da ke nuna lokacin da aka gasa yumɓu, sai dai 'yan jabu sun daɗe da gano dabara: su samo tsohuwar tukunya ta gaske marar ado, su zana mata jirgi jiya. Gwaji ya ce tsohuwa ce, kuma bai yi ƙarya ba. Ko da ta gaske ce ma, da sauran rina a kaba, domin tun 1983 dokar Masar ta hana cinikin kayan tarihi. Ka nemi takardun da ke nuna yaushe ta bar ƙasar da hannun da ta bi. In dillalin ya fara kame-kame, riƙe kuɗinka. Kuma don Allah a daina turo min hoto, ba na gane jabu ta waya.

Ba rubutu, ta yaya aka san wadda ta riga wata?

Flinders Petrie, masanin kayan tarihi ɗan Birtaniya, ne ya jera kayan kaburbura kusan 900 bisa tsarin zamaninsu a 1899. Ya lura da yadda mariƙin wani irin tulu ke ƙanƙancewa sannu a hankali, har ya koma ɗan layi kawai a jikinsa.