Waiwaye: Yadda haraji ya shiga kuɗin diyyar kotu a Amurka

Tun da labari ya iso Tawa cewa wani ɗan unguwarmu mazaunin Amurka ya ci shari'ar ɓata suna, amma abin da ya turo gida bai kai rabin kuɗin da aka ambata ba, muhawara ta ƙi lafawa a fada da zaurukan WhatsApp. Wasu na zargin ya ɓoye wa iyayensa ne, wasu kuma na cewa sabuwar doka aka ƙirƙiro domin baƙi. Na iske mahaifiyarsa zaune kusa da tulin bulon da ta sa aka buga, ta dube ni ta ce, "Ɗana, ashe diyya ma ana cire mata lanho?" Ana cirewa, kuma maganar ta daɗe tun kafin yaron ya taka filin jirgin Yamai.

Farkon tarihin sananne ne. A 1918 dokar harajin Amurka ta keɓe diyyar da aka biya mutum saboda rauni ko rashin lafiya, a 1955 kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa kuɗin da ake ɗora wa mai laifi don ladabtarwa kuɗin shiga ne, dole a biya masa haraji. A tsawon shekarun da suka biyo baya kotuna da dama sun fassara rauni da faɗi, har ya haɗa da zubar da mutunci da ƙuncin zuciya.

Inda lamarin ya juya shi ne watan Agustan 1996, kuma wannan ne ba a cika ambatawa ba. A lokacin an zartar da wata doka kan ƙananan sana'o'i, wadda hankalin jama'a ya tafi ga sashenta da ya ɗaga mafi ƙarancin ladan aiki daga dalar Amurka 4.25 zuwa 5.15 a awa, a mataki biyu. A cikinta ne aka ƙara wa sashe na 104 na kundin haraji kalmar da ke nufin "na jiki". Daga ranar, diyyar da ba ta shiga haraji ita ce ta raunin jiki ko ciwon jiki kawai. Dokar ta fito fili ta ce ƙuncin zuciya ba raunin jiki ba ne, in ban da abin da aka kashe wajen magani, bayanin da ya raka ta kuma ya sa rashin barci da ciwon kai da ciwon ciki da damuwa ke haddasawa a ɓangaren ƙuncin zuciya. Wato wanda mota ta karya wa ƙafa zai karɓi diyyarsa cif, wanda kuwa aka yi wa ƙazafi har ya kasa haɗa ido da jama'a sai an yanki rabon gwamnati a nasa. Mu da muka taso ana gaya mana mutunci madara ne, wannan rarrabewar tana da wuyar haɗiya, kuma a ganina ita ce tushen duk abin da ya biyo baya.

Sauran matakan sun hau kan wannan ne. Wani hukuncin Kotun Ƙoli na 2005 ya ce kason da lauya ke ɗauka daga diyya ana lissafa shi cikin kuɗin shigar mai ƙara, sannan wani gyaran dokar haraji na 2017 ya dakatar da hanyar da mutane da yawa ke bi su cire kuɗin lauya daga lissafin haraji. An bar sassauci ga shari'o'in nuna wariya a wurin aiki tun 2004, amma ɓata suna irin na ɗan unguwarmu bai shiga ciki ba. Idan kotu ta ba mutum dala dubu ɗari, lauya ya ɗauki dubu arba'in, harajin yana iya hawa kan dubu ɗarin gaba ɗaya.

Wannan lissafin na yi wa Hajiya da tsinke a ƙasa, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta aika a gaya wa magini ya dakata sai bayan damina.