Auna koyarwar ibada ta Ibanjelikal da ma'aunin Lutaran

Auna koyarwar ibada aiki ne da fastoci, malaman tauhidi da masu tace littattafai na ikkilisiyoyin Lutaran, mabiya koyarwar Martin Luther, suke yi wa littattafan bimbini na kullum, darussan rukunin addu'a da wa'azin rediyo masu fitowa daga Kiristocin Ibanjelikal. Waɗanda ake nufi da Ibanjelikal a nan su ne mabiya tafarkin da ya taso daga farfaɗowar addini ta Ingila da Amurka tun daga ƙarni na 18, wanda ke ɗora nauyi a kan tubar mutum shi kaɗai, karatun Littafi Mai Tsarki da yaɗa bishara. Ɓangarorin biyu sun yarda da Allah Uku-cikin-Ɗaya, da mutuwar Almasihu domin masu zunubi, da ikon Nassi. Saɓanin yana kan inda ake tura mai karatu ya nemi tabbacin cewa Allah ya karɓe shi: ga alkawarin da ya zo masa daga waje, ko ga abin da yake ji da abin da yake aikatawa.

Ma'auni

Littafi Mai Tsarki ne kaɗai alƙali, kamar yadda gabatarwar Tsarin Jituwa na 1577, ɗaya daga rubuce-rubucen shaidar bangaskiyar Lutaran, ta faɗa. Ƙarƙashinsa akwai Littafin Jituwa, wanda aka buga a Dresden a 1580. Ya tattara shaidun bangaskiya uku na dā, Shaidar Augsburg ta 1530 da Philip Melanchthon ya rubuta, da kāriyarta ta 1531, Sharuɗɗan Smalcald na 1537, rubutu kan ikon Paparoma, katakisma biyu na Martin Luther na 1529 (littattafan koyar da tushen bangaskiya, babba da ƙarami), da Tsarin Jituwa kansa. Masu awo sun fi komawa ga sashe na 4 da na 5 na Shaidar Augsburg. Na 4 ya ce ana baratar da mutum, wato Allah yana karɓarsa a matsayin mai adalci, kyauta, saboda Almasihu, ta wurin bangaskiya. Na 5 ya ce Allah yana ba da Ruhu Mai Tsarki ta hanyar Maganarsa da sakramenti, wato baftisma da Jibin Ubangiji, ya kuma ƙi koyarwar masu cewa Ruhu yana zuwa wa mutane ta shirinsu da ayyukansu ba tare da Maganar da ake ji da kunne ba.

Tarihi

Gardamar ta girmi littattafan da ake aunawa yau. A ƙarshen 1521, Luther yana ɓoye a Wartburg, wasu mutane daga Zwickau suka shiga Wittenberg suna cewa Allah yana musu magana kai tsaye. Luther ya dawo a Maris 1522 ya yi wa'azi kwana takwas a jere har ƙura ta lafa. A 1525 ya rubuta raddi ga tsohon abokin aikinsa Andreas Karlstadt a kan annabawan da ke da'awar wahayi, a shekarar kuma ya amsa wa masani Erasmus cewa nufin ɗan Adam a ɗaure yake a al'amarin ceto. A Sharuɗɗan Smalcald ya taƙaita matsayinsa: Allah ba ya ma'amala da mu sai ta Magana da sakramenti, kuma neman Ruhu a wajen waɗannan tsohuwar cuta ce tun daga Adamu.

Abin lura shi ne cewa salon littafin ibada na kullum ya sha ruwa daga rijiyar Lutaran ɗin kanta. Johann Arndt ya fara fitar da littafinsa kan Kiristanci na gaskiya wajen 1605, Johann Gerhard ya buga bimbininsa a 1606. Daga 1670 Philipp Jakob Spener ya fara tara ƙananan rukunoni na karatu da addu'a a gidansa a Frankfurt, a 1675 kuma ya fitar da littafinsa Pia Desideria, wanda ake ɗauka mafarin tafiyar Fayatism, mai ɗora nauyi a kan ibadar zuciya da tsarkin rayuwa. August Hermann Francke na Halle ya ƙara wani abu: gwagwarmayar tuba wadda take ƙarewa da sa'ar da mutum zai iya nunawa ya ce a nan na tuba. Valentin Ernst Löscher, fasto a Dresden, ya rubuta doguwar suka a kan wannan a farkon ƙarni na 18. Bai musa cewa ikkilisiya ta yi sanyi ba, amma ya ga ana raina hanyoyin alheri, wato Magana da sakramenti, ana kuma cakuɗa barata da tsarkakewa. Kusan duk sukar da ake yi yau tana nan cikin tasa.

Daga Halle zaren ya bi ta Nikolaus von Zinzendorf da jama'ar Herrnhut, waɗanda suka fara zaɓen ayar kowace rana a 1728 suka soma buga ta a 1731, har yau kuma ana bugawa. Ta hannunsu ya kai ga John Wesley, jagoran Metodis, wanda ya ce zuciyarsa ta ɗumama a taron titin Aldersgate na Landan ranar 24 ga Mayu 1738, ana cikin karanta gabatarwar Luther ga wasiƙar Romawa.

A Amurka mai wa'azi Charles Finney ya kai abin wani mataki. Cikin laccocinsa na 1835 ya koyar cewa farfaɗowa ba mu'ujiza ba ce, sakamako ne na amfani da dabarun da suka dace, ya kuma yaɗa al'adar ware benci a gaba domin masu damuwa da ransu. Wasu Lutaran sun karɓi wannan. Samuel Simon Schmucker na Gettysburg ya goyi bayan wani daftari na 1855 da ya cire sake haihuwa ta baftisma da kasancewar jikin Almasihu a Jibin Ubangiji daga Shaidar Augsburg. Yawancin majalisun ikkilisiya suka ƙi daftarin, Charles Porterfield Krauth kuma ya zama jagoran masu komawa ga tsohuwar shaida. Amma littafin da ya zama kayan aikin masu awo shi ne laccoci 39 da C. F. W. Walther ya yi wa ɗaliban makarantar tauhidi ta Concordia a St. Louis daga 1884 zuwa 1885, a kan batutuwa 25 na bambanta Doka da Bishara. Walther ya ɗanɗani Fayatism mai tsanani yana ɗalibi a Leipzig, hakan ya sa sukarsa take da kaifi. An buga laccocin da Jamusanci a 1897, da Turanci a 1929.

Yadda ake awon

Mai awo ba ya yanke hukunci da shafi ɗaya. Littafin kwana 365 ana ɗibar aƙalla wata guda a jere daga cikinsa, a haɗa da shafukan Kirsimeti, Jumma'a Mai Kyau da Ista, domin a can ne koyarwar marubuci kan Almasihu take fitowa fili.

Mataki na farko shi ne bin fi'ilai. A kowane shafi ana ja layi ƙarƙashin abin da aka ce Allah ya yi, da abin da aka ce mai karatu ya yi. Duk abin da ke nema ko umarni Doka ne, ko da an faɗe shi da murya mai daɗi: ka miƙa kanka dukka, ka dogara sosai, ka ba Yesu wuri na farko. Duk abin da ke bayarwa ba sharaɗi saboda Almasihu Bishara ne. Sai a duba jimlar ƙarshe ta shafin, don ita mai karatu yake tafiya da ita. Tsarin da aka fi samu shi ne aya, ɗan labari, sannan aikin yau. Idan kwana 30 suka ƙare duk da aiki, gafara kuma ta zo sau ɗaya ko biyu a matsayin ƙofar da aka riga aka wuce, Walther zai ce an mai da Almasihu sabon Musa, wato mai ba da doka. Dokar ba laifi ba ce. Madubi ce da ke nuna datti, kuma Tsarin Jituwa a sashe na 6 ya ce masu bi ma suna bukatarta ta nuna musu ayyukan da Allah yake so. Illar tana zuwa idan aka jira ta ba da ƙarfin da Bishara kaɗai ke bayarwa. Mutum iri biyu ke fitowa daga nan: wanda ya ga yana cikawa ya yi girman kai, da wanda ya ga ba ya cikawa ya fid da rai, ya daina buɗe littafin tun kafin watan Maris.

Mataki na biyu shi ne mayar da kowace aya mazauninta, a karanta surar gaba ɗaya. Irmiya 29:11, wadda ake yawan ba wa mai neman aiki ko aure, an rubuta ta ne ga 'yan bauta a Babila, aya ta 10 kuma ta ce sai sun yi shekara 70. Wahayi 3:20, inda Almasihu ke ƙwanƙwasa ƙofa, ga ikkilisiyar Lawudikiya aka faɗe ta, mutanen da suka riga suka zama masu bi. Filibiyawa 4:13 tana maganar jimre yunwa da ƙoshi. Addu'ar Yabez a 1 Tarihi 4:10, wadda wani ƙaramin littafi na shekarar 2000 ya shahara da ita, labarin mutum ɗaya ne cikin jerin asali, ba a haɗa ta da umarni ko alkawari ga kowa ba.

Mataki na uku shi ne ƙirga abin da babu. Sau nawa aka ambaci baftisma, Jibin Ubangiji, furta zunubi da jin kalmar gafara daga bakin fasto? A da yawa daga cikin waɗannan littattafai amsar ita ce babu ko sau ɗaya, domin an rubuta su ne don kowace ɗarika ta saya.

Manyan wuraren saɓani

Na farko shi ne yanke shawara. Koyarwar da ta yaɗu tana cewa Allah ya yi nasa, saura mutum ya karɓi Yesu cikin zuciyarsa ta wata addu'a. Ƙaramin Katakisma, a bayanin sashe na uku na shaidar bangaskiya, ya ce mutum ba zai iya gaskata da Yesu Almasihu ko ya zo gare shi da hankalinsa ko ƙarfinsa ba, Ruhu Mai Tsarki ne ya kira shi ta Bishara. A aikace matsalar tana fitowa bayan shekaru, sa'ad da mutum ya fara tambayar ko da gaske ya yi addu'ar, ya sake yin ta, wani ma ya sake baftisma. Faston Lutaran zai tura shi ga baftismarsa, abin da aka yi masa a rana sananniya da ruwa da sunan Allah, da nassoshi kamar Titus 3:5 da 1 Bitrus 3:21. Batu na 9 na Walther ya yi maganar wannan kai tsaye: kuskure ne a tura mai zunubin da ya firgita ga addu'o'insa da kokawarsa har sai ya ji alheri, maimakon a tura shi ga Magana da sakramenti.

Na biyu shi ne jin muryar Allah. Ana koya wa mai karatu ya yi shiru bayan addu'a, ya rubuta abin da ya faɗo masa a zuciya, ana kafa hujja da 1 Sarakuna 19:12. Littafin Sarah Young na 2004, Jesus Calling, an rubuta shi ne da bakin Yesu yana magana da mai karatu, ko da yake marubuciyar ta ce ba ta daidaita shi da Nassi ba. Masu awo na Lutaran suna ganin wannan shi ne abin da Sharuɗɗan Smalcald suka ƙi. Hujjarsu ta aiki ita ce babu yadda za a tantance muryar daga tunanin mutum, kuma ranar da ba a ji kome ba mutum yakan ɗauka Allah ya yi fushi da shi.

Na uku shi ne rayuwar nasara, koyarwar da ake dangantawa da taron Keswick da aka fara a Ingila a 1875: cikakkiyar miƙa kai tana ɗaga mai bi zuwa matakin da ya fi na sauran. Lutaran suna cewa mai bi baratacce ne kuma mai zunubi a lokaci guda har mutuwa, suna karanta Romawa 7 a matsayin halin Bulus bayan tubarsa. Sashe na 12 na Shaidar Augsburg ya ƙi masu cewa ana iya kai wa kamalar rashin zunubi a duniya, ya kuma ƙi masu cewa wanda aka baratar ba zai iya rasa Ruhu ba.

Koyarwar wadata, wadda ke ɗaura lafiya da dukiya ga ƙarfin bangaskiya ko yawan baiko, ana auna ta da muhawarar Heidelberg ta 1518, inda Luther ya ce ana sanin Allah cikin wahala da gicciye. Ibanjelikal da yawa ma sun ƙi ta.

Abin da ake bayarwa a madadi

A 1535 Luther ya rubuta wa wanzaminsa Peter hanyar addu'a mai sauƙi. A ɗauki doka ɗaya cikin Goma, ko sashe ɗaya na shaidar bangaskiya, a bi ta sau huɗu: me take koya mini, me zan gode a kai, me zan furta na laifi, me zan roƙa. Ƙaramin Katakisma yana da addu'ar safe da ta dare, da jerin nassoshi kan hakkin miji, mata, iyaye, ma'aikata da masu mulki, wanda ke sa aikin yau da kullum ya zama wurin hidima ba tare da neman wani kira na musamman ba. Gidan buga littattafai na Concordia yana fitar da ɗan littafin bimbini na kullum tun 1937, wanda aka sani da Portals of Prayer.

Kurakuran masu awo

Wanda aka fi yi shi ne ɗaukar duk umarni a matsayin laifi, har a soki marubuci don ya ce a yi addu'a ko a ƙaunaci maƙwabci, alhali wasiƙun Bulus cike suke da irin wannan. Wani kuma shi ne hukunta littafi don bai yi amfani da kalmomin Lutaran ba, ko da ma'anarsa daidai ce. Bayanin doka ta takwas a Katakisma ya wajabta a fassara maganar maƙwabci ta fuska mafi kyau. Mai wa'azi Charles Spurgeon na Ingila Baptis ne, Lutaran ba za su bi shi a kan baftisma ba, amma shafukansa da yawa suna ƙarewa da abin da Almasihu ya yi, kuma awo na gaskiya yakan rubuta hakan.

Bambanci tsakanin Lutaran

Ba baki ɗaya suke ba. Majalisun Missouri da Wisconsin a Amurka sun fi tsaurara awo. Ikkilisiyoyin da suka gāji farfaɗowar ƙasashen Sikandinebiya, irin ta Hans Nielsen Hauge a Norway, suna ba shaidar tuba da taron addu'a wuri mai faɗi. Akwai kuma gardama kan matsayin Doka a rayuwar mai bi, wadda ta sake tashi a ƙarni na 20 kuma ba a rufe ta ba.