Waiwaye: a gudu ko a zauna? Yadda guguwar Rita ta rikita lissafin tafiya a Amurka

Duk shekara da zarar Agusta ta kama, musun nan sai ya dawo sabo fil kamar ba a taɓa yinsa ba. An ce ga mahaukaciyar guguwa nan ta doso Florida ko Texas, jirage sun fara soke tashi, gidajen mai sun fara rufewa, sai ka ga mutane sun rabu gida biyu. Wasu na cewa me ya sa ba a ce wa jama'a su fita tun da wuri ba, wasu kuma na cewa ai an faɗa, taurin kai ne kawai irin na mutane. Akwai ma kashi na uku, masu tikiti a hannu, waɗanda su ba ruwansu da wancan musun, su dai a faɗa musu ko jirginsu zai tashi ko kuwa kuɗinsu ya bi ruwa. A 2024 lokacin guguwar Milton a Florida haka aka yi ta yi, hotunan gosulo a titin fita daga Tampa suna ta yawo, kowa da irin fassarar da yake musu.

Abun fa ba jiya ya fara ba, kuma wallahi yawancin masu musun sun tsallake shekarar da ta fi komai muhimmanci a labarin.

Guguwowin farko dai sanannu ne, ba sai an ja su ba. Galveston da ke gaɓar Texas, 8 ga Satumba 1900, teku ta haye garin, mutum tsakanin 6,000 zuwa 12,000 suka mutu, lokacin babu tauraron ɗan'adam babu komai, sai dai ka ga ruwa a ƙofar gida. Andrew ta daki kudancin Florida a 1992. Floyd a 1999 ta kori kusan mutum miliyan 2.6 daga gidajensu tun daga Florida har Carolina ta Arewa, daga nan ne jihohi da dama suka rungumi dabarar nan ta juya hannun titi, wato a mayar da duka hannu biyu na babbar hanya su zama na fita. Sai Katrina, 29 ga Agustan 2005, wadda ko yaro ya ji labarinta, New Orleans ta nutse, sama da mutum 1,300 suka rasu, duniya ta ga mutane a kan rufin gidaje suna ɗaga riga. Darasin da kowa ya ɗauka daga Katrina guda ɗaya ne, in an ce guguwa, ka kwashi iyalinka ka gudu.

To sati uku da 'yan kwanaki bayan nan sai ga Rita.

Ka fara duba yanayin da birnin Houston na Texas yake ciki a lokacin. Garin cike yake da 'yan gudun hijirar Katrina, dubbai an saukar da su a filin wasa na Astrodome, kowa ya gansu da idonsa, kowa ya ji abun da ya same su daga bakinsu. Ranar Laraba 21 ga Satumba Rita ta kai mataki na 5 a tekun Mexico, wato ƙololuwa kenan a ma'aunin, iskarta ta kai wajen kilomita 285 a awa ɗaya, ta ma fi Katrina ƙarfi a cikin teku, kuma hasashe ya nuna Galveston da Houston ta nufa. Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa, haka mutanen Houston suka yi, amma duka a lokaci guda.

Waɗanda ke cikin hatsari na gaske su ne na bakin teku, Galveston da ƙananan garuruwan da ruwan teku zai iya hayewa. Tsakiyar Houston kuwa tana da nisan kusan kilomita 80 daga gaɓa. Amma wa zai tsaya wannan lissafin bayan abun da ya gani a talabijin? Na bakin ruwa suka fito, na tudu suka fito, wanda yake da mota biyu ya fito da biyun dan kar ruwa ya ci ɗayar, wasu har da jan kwale-kwale a baya. Ƙiyasin waɗanda suka hau titi ya fara daga miliyan 2.5, wasu sun ce ya haura miliyan 3. Sakamakon shi ne na bakin tekun, waɗanda dominsu aka yi shirin, suka iso Houston suka tarar mutanen gari sun riga sun toshe hanya a gabansu.

Daga Houston zuwa Dallas kilomita 385 ne ko kusa da haka, bai ma kai Kano zuwa Abuja ba, tafiyar awa huɗu a ranar da Allah ya kawo sauƙi. Ranar Alhamis 22 ga wata mutane sun yi awa ashirin, wasu sun wuce kwana ɗaya cur a kan titin I-45, mota na matsawa taku kaɗan ta tsaya. Ga zafi, ma'auni ya kusa 38, kwalta na tafasa, mutane suna kashe esi dan su tattala fetur, fetur ɗin kuma duk da haka yana ƙarewa saboda injin na kunne ba a tafiya, gidajen man bakin hanya sun bushe tas, motar da manta ya ƙare sai a tura ta gefe ta ƙara matse hanyar, ba ruwan sha, ba banɗaki, ga tsofaffi ga jarirai ga masu ciwon suga da hawan jini a kujerar baya. An buɗe ɗaya hannun titin a ranar, amma juya babbar hanya ba abu ne na minti goma ba, sai an rufe kowace mashiga an sa jami'ai, kafin a gama cunkoson ya riga ya kai inda ya kai. Da yawa da suka ga ba ci gaba sai suka juyo gida bayan sun ƙona rabin tanki ba su bar gari ba.

Mafi muni ya faru da asubahin Juma'a 23 ga wata a kusa da Wilmer, dab da Dallas. Wata bas ce ɗauke da tsofaffi daga gidan kula da su a Bellaire da ke cikin Houston, ta kwashe kimanin awa 15 a hanya, boris ɗin tayar baya ya yi zafi, taya ta kama wuta, wutar ta shiga ciki ta tarar da tukwanen iskar oksijin na marasa lafiya, suka fara fashewa. Mutum 23 suka rasu a wurin, yawancinsu ba sa iya tafiya da ƙafarsu. Nisan wurin daga teku ya haura kilomita 400.

Ita kuma Rita me ta yi? Ta karkata gabas, ta rage ƙarfi zuwa mataki na 3, ta sauka kafin asubahin Asabar 24 ga wata a kan iyakar Texas da Louisiana. Ta yi ɓarna sosai a can, Cameron da Beaumont da Port Arthur da Lake Charles sun ji jiki, amma Houston sai ɗauke wuta da karyewar bishiyoyi. Waɗanda guguwar ta kashe kai tsaye ba su kai goma ba. Waɗanda suka mutu a Texas a wannan makon sun haura 100, kuma mafi yawansu a hanyar gudu ne, zafi da ƙishirwa da ciwon da ya tashi a cikin mota da hatsari. An gudu ba a tsira ba.

Ni a ganina daga nan komai ya canza, amma da yake Katrina ta cinye labarin shekarar gaba ɗaya, a wajen Texas ba kasafai ake tuna ta ba. Kafin Rita ana ɗaukar fita a matsayin abun da ba a asara a cikinsa, in guguwar ba ta zo ba ai fetur kawai ka ɓata. Bayan Rita aka gane fitar ma tana da nata gawarwakin, kuma titi yana da iyakar motocin da zai iya haɗiya a awa ɗaya, komai tsoron da ke zuciyar direba. Shi ya sa aka raba yankin Houston shiyya-shiyya da lambar unguwa, na bakin ruwa su fara fita, na ciki su dakata. Aka riƙa nanata wa mutane cewa ruwa ake guje wa, iska kuwa a ɓuya mata a gida mai ƙwari, kuma ba sai ka je wata jiha ba, kilomita talatin zuwa tudu ma ya isa. Aka tanadi yadda za a kai fetur da ruwa bakin hanya tun kafin a fara.

Amma tabon ya zauna a zukata ta wata fuskar da ba a so. Da Ike ta zo a Satumbar 2008, dubban mutanen Galveston da kewaye suka ƙi motsawa, da yawa suna cewa sun sha wuyar Rita ba za su ƙara ba, ita kuwa Ike mataki na 2 ce kawai amma ta turo ruwan teku mai ban tsoro ta share gidaje a zirin Bolivar da ke kusa da Galveston. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle, su nasu macijin titi ne.

Sai Harvey a Agustan 2017, inda musun ya fi zafi. Ba a ce wa Houston ta fita ba, ruwan sama ya sauka kamar da bakin ƙwarya kwana da kwanaki, a wani wuri kusa da garin Nederland na Texas an auna sama da milimita 1,500, filayen jirgin saman garin guda biyu suka rufe na kwanaki. Masu kallo daga nesa suka yi ta cewa ya za a bar mutum sama da miliyan 6 a gida. Amma duba hotunan manyan titunan a lokacin, waɗannan dai da aka kwana a kansu a 2005, sun koma koguna, a wasu wuraren ruwa ya kusa taɓa allunan saman hanya. Ka ɗauko cunkoson Rita ka ɗora a kan wannan ruwan ka ga abun da zai fito. Sati biyu bayan haka Irma ta sa aka ce wa kusan mutum miliyan 6.5 su bar gidajensu a Florida, wasu suka bar Miami suka koma gaɓar yamma, guguwar kuma ta karkata ta bi su can.

Ɓangaren masu jirgi shi ma daga wannan lissafin yake. Ba a barin jirgi a ƙasa guguwa ta same shi, ana kwashe su tun da wuri, dan haka kujerun fita suna ƙarewa a daidai lokacin da kowa ke nema, kuɗin tikiti ya yi sama, filin jirgi ya rufe tun sama tana garau. Lokacin Milton filin jirgin Tampa ya rufe da safiyar 8 ga Oktoba, ita kuwa ba ta sauka ba sai daren 9 ga wata. Kuma abun ba ya tsayawa a garin da ake magana, wanda ya taso daga Legas zai sauya jirgi a Atlanta yana iya kwana a benci saboda jirgin da zai ɗauke shi ya maƙale a Orlando. Lokacin guguwa daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, ya fi tsanani daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba, wato daidai sanda ɗalibanmu ke tafiya fara karatu. In jirgi ya soke tashi kuma ka ƙi karɓar canji, dokar Amurka ta ce a dawo maka da kuɗinka, amma in kai ne ka fasa dan tsoro tun jirgin bai soke ba, wannan sai yadda kamfani ya ga dama. Inshorar tafiya ma galibi ba ta biyan komai in ka saye ta bayan an riga an raɗa wa guguwar suna.

Wani abun da ba kowa ya sani ba, yawancin manyan guguwar nan ta samanmu suke bi. Hadarin da ke tasowa daga gabas a damina, ya ratsa Chadi da Nijar da arewacin Najeriya, shi ne ke fita teku ta wajen Senegal da Cape Verde, in ya samu ruwa mai ɗumi ya fara juyi, bayan mako ɗaya ko biyu a ji shi a labarai da sunan mutum.

Masu hasashe kam sun yi nisa, kuskuren hanyar da guguwa za ta bi a kwana uku ya ragu da fiye da rabi in aka kwatanta da shekarun 1990. Matsalar ita ce ƙarfi. Milton ta tashi daga mataki na 1 zuwa na 5 cikin ƙasa da kwana ɗaya, Otis ma haka ta yi wa Acapulco ta ƙasar Mexico a 2023, mutane suka kwanta da labarin ƙaramar guguwa suka tashi da wani abu daban. Gargaɗi na ƙarshe awa 36 ake bayarwa kafin iska ta fara, alhali wasu yankunan gaɓa suna buƙatar fiye da haka kafin motar ƙarshe ta fita. Su kuma mutanen ƙaruwa suke, Florida a 1990 miliyan 13 ce, yanzu ta wuce miliyan 23, yawanci a bakin ruwa, kuma kusan kowa da mota zai fita, wanda ba shi da ita sai ya jira bas ko maƙwabci.

Wuri ɗaya da aka mayar da wannan lissafin doka shi ne tsibiran Florida Keys. Titi ɗaya tak ne ya haɗa su da tudu, kilomita 180 da ɗoriya, gada 42. Shekaru da dama, har zuwa 2025, an riƙa ƙayyade yawan sabbin gidajen da za a ba izinin ginawa a can ne da sharaɗin cewa mazauna za su iya ficewa cikin awa 24. Masu filaye suna ta matsa lamba a sassauta, masu tsoron cunkoso suna cewa a bar shi yadda yake, kuma rigimar tasu a kan rabin awa da awa ɗaya take, saboda kowane rabin awa da aka ƙara ɗaruruwan gidaje ne.