Fotogirametiri: fitar da taswirar awo daga hotuna

Fotogirametiri hanya ce ta auna tsawo, faɗi da tudun wuri daga hotunan da aka ɗauka ta kusurwoyi daban-daban. Idan abu guda, a ce kusurwar katanga, ya fito a hotuna uku ko fiye, manhaja tana lissafa inda kyamara take a lokacin ɗaukar kowane hoto, daga nan ta gano matsayin abin a doron ƙasa. Wani hafsan sojan Faransa, Aimé Laussedat, ya fara gwada awo da hotuna tun wajajen 1850. A yau aikin ya koma hannun jirage marasa matuƙa da kwamfuta, kuma masu safiyo a Kaduna suna amfani da shi wajen yanka filaye, auna gonaki, bin diddigin zaizayar ƙasa da lissafin tsibin tsakuwa a wuraren fasa dutse.

Manhajoji da kwamfuta

Agisoft Metashape da Pix4Dmapper na kuɗi ne, su ne kuma aka fi gani a ofisoshin safiyo. OpenDroneMap, tare da WebODM da aka gina a kansa, buɗaɗɗiyar manhaja ce, kuma ta ishi mai koyo. Meshroom kyauta ce, sai dai ta fi dacewa da ƙananan abubuwa irin su gini guda. Kwamfuta tana bukatar RAM na gigabayit 16 aƙalla, 32 ya fi, da katin hoto na Nvidia. Sarrafa hotuna ɗari biyar kan ci sa'o'i, don haka a haɗa ta da inbata, a kuma riƙa adana aiki bayan kowane mataki saboda ɗaukewar wuta.

Ɗaukar hotuna

A nan ake samun aikin ko a rasa shi. Kowane hoto ya hau kan na gabansa da kashi 75 zuwa 80 cikin 100, layi ya hau kan layin da ke gefensa da kashi 60 zuwa 70. A gonar masara ko daji, inda komai ke kama da juna, a ƙara zuwa 85 da 70.

Tsayin tashi shi ke yanke girman ƙasar da ɗigon hoto guda (ƙaramin ɗigon da tarinsa ke haɗa hoto) zai ɗauka. Kyamarar DJI Phantom 4 Pro a tsayin mita 100 tana ba da kusan santimita 2.7 a kowane ɗigo, hoto guda kuma yana rufe kimanin mita 150 a 100. Da hawan 80 da 70, fili mai hekta 20 zai ci hotuna fiye da 200. A sa saurin ɗaukar hoto a 1/800 na daƙiƙa ko mafi sauri don kada ya yi dishi-dishi, a tashi tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana lokacin da inuwa ta gajarta.

Yanayin Kaduna yana da nasa hukunci. Hazon hunturu, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu, yana dusashe hoto, maganinsa a sauko da tsayin tashi ko a jira ranar da sama ta washe. Ƙarshen damina kuwa ciyawa takan fi mutum tsayi, manhaja kuma saman ciyawar za ta auna ta ce ƙasa ce. Wanda ke neman tudu da gangaren ƙasa don magudanar ruwa gara ya bari sai an yi girbi. Saman kogin Kaduna da sabon rufin kwano mai ƙyalli ba sa ba da alamar da manhaja za ta kama, shi ya sa ake ganin ramuka a wuraren.

Tashin jirgin yana bukatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, da tantancewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A Kaduna, garin da ke da makarantar horar da hafsoshin soja (NDA), sansanin sojan sama da filin jirgi, wannan ba abin wasa ba ne. Sanar da mai unguwa kafin a tashi ma yana kashe rigima.

Alamomin ƙasa

GPS ɗin ƙaramin jirgi yakan kauce da mitoci, ya fi kaucewa a tsayi. Saboda haka ake shimfiɗa alamomi a ƙasa kafin tashi: allo ko leda mai santimita 60 a 60 da fentin fari da baƙi, a kafe ta da ƙusa, a auna tsakiyarta da na'urar GNSS ta RTK, mai gano matsayi ta tauraron ɗan'adam daidai gwargwadon santimita. Uku ne mafi ƙaranci a lissafi, amma a aikace 5 zuwa 10 ake sawa, a kusurwoyin fili da tsakiya, a kan tudu da cikin kwari. Kada a jera su a layi guda. A ware wasu biyu ko uku da ba za a ba manhaja ta gyara lissafi da su ba, domin da su ake gwada gaskiyar sakamako. Manhaja tana iya fitar da taswira mai kyan gani alhali awonta karkatacce ne, kuma ido ba ya gane hakan.

Tsarin lambobin wuri ma tarko ne. Birnin Kaduna yana cikin shiyya ta 32 ta arewa a tsarin UTM, wanda ke raba duniya shiyya-shiyya don awo da mita. Jirgin yana rubuta matsayi a ma'aunin WGS84, wanda lambarsa a wannan shiyya EPSG:32632 ce, tsofaffin takardun safiyo da yawa kuma suna kan ma'aunin Minna, EPSG:26332. Wanda ya gauraya su zai ga filoti ya matsa da fiye da mita ɗari, ya hau kan na maƙwabci.

Sarrafawa

Ana shigar da hotuna, a cire masu dishi-dishi da waɗanda aka ɗauka lokacin tashi da sauka. Manhaja ta daidaita su ta fitar da ɗigogin farko, wato wuraren da ta gano matsayinsu a ƙasa. Sai a shigar da lambobin alamomin ƙasa, a danna tsakiyar kowace a hotuna biyar ko fiye, a sake lissafin kyamara. A duba kuskure a alamomin gwaji: aiki mai kyau yakan tsaya a ninki 1 zuwa 2 na girman ɗigo a kwance, 2 zuwa 3 a tsaye. Sai wannan ya yi daidai ake gina ɗigogi masu kauri, a tace gidaje da bishiyoyi, a fitar da samfurin tudun ƙasa da haɗaɗɗen hoto a fayil na GeoTIFF, layukan tudu kuma a fayil na DXF don manhajar QGIS ko AutoCAD.

Idan fili shimfiɗaɗɗe ya fito kamar ƙwaryar da aka kife, dalili shi ne duk hotunan a miƙe suka kalli ƙasa, manhaja ta kasa gane lanƙwasar gilashin kyamara. Ana gyarawa da zagaye na biyu da kyamara a karkace da digiri 10 zuwa 20, da kuma alama a tsakiyar fili.

Taswirar ba ta zama takardar iyaka da kanta. Safiyon da za a kai KADGIS, hukumar filaye ta jihar Kaduna, sai da sa hannun mai rajista da SURCON, majalisar masu safiyo ta Najeriya. Ana koyar da fannin a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.