Shiga aikin ɗan sanda bayan hukuncin kotu a Najeriya

A Najeriya, kamar a yawancin ƙasashe, wanda kotu ta taɓa samu da laifi ba ya cikin waɗanda ake ɗauka aikin ɗan sanda. Sharaɗin yana cikin ƙa'idojin aikin 'yan sanda na 1968, waɗanda suka buƙaci mai neman shiga kurtu ya kasance mai halin kirki, kuma ba a taɓa samunsa da wani laifi ba, sai dai ƙaramin laifin da Sufeto Janar ya amince cewa bai taka kara ya karya ba. Sanarwar ɗaukar aiki takan maimaita wannan sharaɗi tare da sauran, wato shekaru 18 zuwa 25 ga kurata, tsawon mita 1.67 ga maza da 1.64 ga mata, da kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, ciki har da Turanci da lissafi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ɗan sanda yana riƙe makami, yana kama mutane, yana ajiye kayan shaida, kuma yana tsayawa gaban alƙali ya ba da shaida, inda lauyan wanda ake tuhuma zai iya tono tarihinsa domin ya rage wa maganarsa nauyi.

Abin da doka ke kallo shi ne hukuncin kotu, ba kamu ko zargi ba. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗauki duk wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa, saboda haka wanda ya kwana a ofishin 'yan sanda aka sallame shi, ko ya yi zaman jiran shari'a a gidan gyaran hali sannan kotu ta wanke shi, ba ya cikin waɗanda sharaɗin ya hana. Wanda kuwa ya amsa laifinsa a gaban majistare aka ci shi tara, ya biya nan take ya koma gida, an same shi da laifi ko da bai taɓa kwana a kurkuku ba, kuma a nan ne masu neman aiki da dama suke yin kuskure, domin suna zaton hukuncin na waɗanda aka ɗaure ne kaɗai. Laifin yarinta yana da nasa matsayi, tunda Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana a kira abin da kotu ta yanke wa yaro da sunan hukuncin laifi irin na manya. Haka kuma afuwar Shugaban Ƙasa a ƙarƙashin sashe na 175, ko ta gwamna a ƙarƙashin sashe na 212, tana shafe sakamakon hukuncin idan cikakkiya ce, kamar yadda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta bayyana a shari'ar Falae da Obasanjo a 1999. Rage wa fursuna wa'adi ko sakinsa albarkacin ranar bikin 'yancin kai ba ya kai wannan matsayi.

Ikon ɗaukar kurata yana hannun Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, wanda Kotun Ƙoli ta tabbatar mata a watan Yulin 2023 bayan doguwar taƙaddama tsakaninta da ofishin Sufeto Janar. Tantance tarihin mai nema ya dogara ne a kan abubuwa biyu. Na farko shi ne rumbun bayanan masu laifi da ke Alagbon a Legas, inda ake ajiye hoton yatsu, wanda Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta ƙarfafa ta hanyar wajabta wa rundunonin 'yan sanda na jihohi su tabbatar ana aika masa hukuncin da kotuna suka yanke. Na biyu shi ne takardar masu tsaya wa mutum, wadda ake so basarake, ko majistare, ko shugaban ƙaramar hukuma, ko babban ma'aikacin gwamnati ya sa wa hannu. A aikace wannan takarda ce ke ɗauke da mafi yawan nauyin, saboda hukuncin ƙaramar kotu a ƙauye kan tsaya a cikin littafin rajista ba tare da ya isa rumbun ba, alhali dagaci ko mai unguwa ya san wanda aka taɓa ɗaurewa a cikin mutanensa. Rauninta shi ne ana iya sa hannu don kunya ko don alfarmar siyasa. Wanda ya ɓoye tarihinsa aka gano daga baya yana fuskantar kora, ko yana makarantar horo ko ya riga ya sa kaki.

Batun ya tayar da ƙura a 2023, lokacin da rundunar 'yan sandan Jihar Kano ta horar da tubabbun 'yan daba 50 a matsayin 'yan sandan sarauniya, wato masu taimaka wa 'yan sanda a unguwanninsu. Masu goyon baya sun ce tubabben ɗan daba ya fi kowa sanin lungu da saƙo na unguwarsa, masu suka kuma suka ce bai dace wanda ya taɓa tsorata mutane da wuƙa ya dawo musu cikin kaki ba. Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda ta bayyana cewa 'yan sandan sarauniya ba cikakkun 'yan sanda ba ne.

A Birtaniya tsarin ya bambanta. Dokar 1974 da ke ba tsofaffin masu laifi damar daina ambaton hukuncinsu bayan wani lokaci ba ta shafi masu neman aikin ɗan sanda ba, don haka dole su bayyana komai, amma ana duba kowane mutum daidai da girman laifinsa da daɗewarsa, kuma wanda aka taɓa ɗaurewa kusan ba a karɓarsa. A Amurka kuwa, dokar tarayya ta 1968 ta haramta wa wanda aka samu da babban laifi riƙe bindiga, gyaran 1996 kuma ya haɗa da masu laifin cin zarafin iyali, wanda hakan ya rufe wa masu laifin cin zarafin iyali ƙofar aikin ɗan sanda mai riƙe bindiga a dukkan jihohi.